IDAN AN KAMA DIREBAN MOTAR SHANU DA LAIFIN TUƘI CIKIN MAYE

 'Yan'uwa fataken shanu, a wannan fitowa muna so mu yi bayani a kan wata matsala wadda ta daɗe tana ci mamu tuwo a ƙwarya, wato kama direban motar shanu a ƙasar waje da laifin tuƙi cikin maye. Mafi yawanmu ba mu tuƙi, ba mu kuma da motar kanmu, shata muke ɗauka. Amma ranar da aka tsare mota a bakin hanya, dukiyar da ke tsaye cikin rana tana haki ta falke ce. Direba yana iya kwana uku a hannun hukuma ya fito da ƙafarsa, sa kuwa ba ya kwana uku a tsaye cikin tirela ba ruwa ba ciyawa ya sauko yadda ya hau. Don haka wajibi ne mu san abin yi tun kafin abin ya same mu.

Za mu fi ba da ƙarfi ga Nijeriya, domin kuwa can ne akasarin shanunmu ke nufa: daga Maraɗi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, daga Damagaram zuwa Mai'aduwa da Maigatari, sa'annan a yi lodi a nufi Kurmi, Badun ko Ikko. Daga baya za mu ɗan taɓa Gana da kuma nan gida.

ABIN DA DOKA TAKE KIRA MAYE

Wasu suna tsammanin maye sai giya. To, doka ba ta tsaya nan ba. Duk abin da mutum ya sha ko ya shaƙa har ya rage mashi ikon sarrafa mota, ya shiga. Giya da burkutu da ogogoro suna ciki, haka wiwi da sholisho da ruwan kodin, haka ƙwayoyi irin su taramol da diyazafam, haka shayin da ake jiƙa wasu abubuwa a ciki ana sayarwa a tasha.

Taramol shi ya fi yi mamu ɓarna. Asalinsa maganin ciwo ne, kuma wanda hukumar magunguna ta Nijeriya ta amince da shi shi ne mai lamba 50 da mai lamba 100, shi ma da takardar likita. Mai lamba 200 da 225 da ake sayarwa a ɓoye haramtacce ne. Direba yana sha don kada ya ji gajiya a tafiyar Kano zuwa Ikko, wadda ta kai wajen kilomita 1,000. Gajiyar tana nan ba ta tafi ba, jin ta ne kawai ya ɗauke. Idan ya yi yawa yana kawo gyangyaɗi da nauyin hannu, wani lokaci ya bugar da mutum kamar mai farfaɗiya alhali yana riƙe da sitiyari. Ruwan tari mai kodin kuwa gwamnatin Nijeriya ta hana yin sa da shigo da shi tun 2018.

Akwai kuma abin lura game da gwaji. Na'urar da ake ba direba ya hura, giya kaɗai take ganewa. Ƙwaya da wiwi sai an auna fitsari ko jini. Alamar taramol takan ɗauki 'yan kwanaki a fitsari, ta wiwi kuwa ga mai sha kullum tana iya kai makonni. Wannan ya nuna abu biyu. Na ɗaya, direban da ya ce maka shi jiya ya sha, yau ƙalau yake, gwaji zai iya tona mashi asiri. Na biyu, samun alama a fitsari shi kaɗai bai tabbatar da cewa a buge yake a lokacin da aka tsayar da shi ba, kuma wannan hujja ce da lauya ya san yadda zai kafa ta gaban alƙali. Haka nan maganin mura mai sa barci, da rashin barci na kwana biyu, da ciwon sukari, duk suna iya sa mutum ya yi kama da mashayi. In direba yana shan magani na likita, to takardar ta kasance a aljihunsa.

WA YA KAMA SHI?

Tambayar farko da za ka yi in an bugo maka waya ita ce: wace hukuma ce ta kama shi, a wane gari, kuma a wane ofis yake? Domin kowace da tata doka, da tata kotu.

In 'yan rod sefti ne, wato hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya da aka kafa a 1988, to dokarsu ta 2007 ta yanke ma wannan laifi tarar naira 5,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko duka biyun. Sukan tsare mota su karɓe lasin. Takan yiwu su rubuta ma direba takardar tara, takan kuma yiwu su kai shi gaban kotun tafi-da-gidanka a bakin hanya. Tara a asusun gwamnati ake biyan ta a karɓi rasit, ba a danƙa ta a hannun ma'aikaci. Jihohi kuma suna da nasu dokokin hanya, ta Legas ta fi tsanani nesa ba kusa ba. Tunda ana sake ƙimar tara lokaci zuwa lokaci, a nemi ganin adadin a rubuce kafin a biya.

In 'yan sanda ne, galibi kotun majistare za su kai shi. A jihohin Arewa da suka kafa dokokin laifi na shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, ana iya kai Musulmi kotun shari'a a kan shan giyar kanta, hukuncinta kuwa bulala 80 ne, ban da maganar tuƙin.

In kuwa an caje mota an sami ƙwaya ko wiwi, to magana ta tashi daga laifin hanya ta koma hannun NDLEA, hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi da aka kafa a 1989. Shari'arsu a babbar kotun tarayya ake yin ta. Dokarsu ta ambaci ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar iblis da makamantanta, kuma ta ba da damar gwamnati ta ƙwace motar da aka ɗauko kayan a ciki. A irin wannan kamu sukan kwashe duk wanda ke cikin motar, har yaranmu masu rakiyar shanu. Wannan ya fi ƙarfin sasanci a bakin titi, lauya ake nema a ranar.

MAGANA UKU CE, KADA A HAƊA SU

Abin da ya fi jawo mamu hasara shi ne mu ɗauki kamun kamar abu guda, mu zauna muna jiran a saki direba sa'annan mota ta tashi. Alhali magana uku ce: ta direba, da ta mota, da ta shanu. Direba shi ake tuhuma. Mota ana riƙe ta a matsayin shaida ko don a tilasta biyan tara. Shanu kuwa ba su yi laifin kome ba, kuma ba dukiyar direba ba ne. Aikin falke a ranar farko shi ne ya raba shanunsa da wannan shari'a.

Ga yadda ake yi. Ka je da kanka ko ka aika wakili amintacce wurin babban ofis ɗin da ke riƙe da motar, tare da shugaban kara ko sarkin zango na garin, ko wakilin ƙungiyar dillalan shanu, domin baƙo ko da ido makaho ne. A tafi da takardun da ke nuna shanun naka ne: rasit na kasuwa, takardar duwan, takardar likitan dabbobi, da takardar lodi mai ɗauke da adadin shanu da lambar mota. A roƙi izini a rubuce na a sauke dabbobin a ba su ruwa, ko a juye su a wata motar su wuce. Sau da yawa akan saki kaya ga mai su bayan ya sa hannu a takardar alkawari cewa zai zo in an neme shi. In ofis ya ƙi, lauya yana iya neman umurnin kotu, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce tunda dabba rai gare ta.

Kafin a sauke ko a juye, a ƙirga shanun a gaban shaidu, a rubuta adadi da kamanninsu, a ɗauki hoto da waya. In wani ya karye ko ya kwanta har aka yanka, a rubuta ranar da kuɗin da mahauta suka saya. Wannan lissafi shi za ka riƙe ranar da za ka zauna da mai mota a kan hasara. Wanda ya shigo da shanu ba takarda kuwa, ya sani cewa ranar kamu ya ƙara ma kansa shari'a ta huɗu da kwastan.

HAƘƘIN WANDA AKA KAMA

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba duk wanda aka kama wasu haƙƙoƙi, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Yana da damar ya yi shiru har sai ya ga lauya ko wani wanda ya zaɓa. Dole a faɗa mashi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole a kai shi kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana 2. A kotu kuma in ba ya jin Turanci a ba shi tafinta kyauta.

Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda jihohi suka yi nasu irinta, ta ƙara da cewa ana iya ɗaukar bayanin mutum a gaban lauyansa, kuma a rubuta jerin kayan da aka karɓa a hannunsa. Ta hana a kama wani a madadin wani, haka ma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana. Ke nan in direba ya tsere, ba daidai ba ne a tsare mai shanu ko yaronsa a ce sai ya kawo shi. Belin 'yan sanda a doka kyauta ne. Ɗan Nijar yana kuma da damar ya ce a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, wannan yana cikin yarjejeniyar Biyana ta 1963 wadda ƙasashen duniya suka sa ma hannu.

Abin da muke gaya ma direbobi da yaranmu shi ne: a tsaya in an tsayar, a yi magana da ladabi, a ba da suna da takardu. Kada a gudu, kada a yi kokawa, kada a ƙi gwaji da faɗa, domin kowane ɗayansu sabon laifi ne a kan na farko. In an yi gwajin hurawa, a roƙi a nuna lambar da ta fito, a riƙe lokacin a ka. Babban gargaɗi kuwa, kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a takardar da ba a karanta ma mutum ita da Hausa ba. Mutane da yawa sun ɗaure kansu da ɗan yatsansu, suna zaton takardar sallama ce, ashe takardar amsa laifi ce.

YADDA AKE NEMAN LAUYA

A ƙofar kowane caji ofis da kowace kotu akwai masu zagaye, su tare ka su ce sun san mai gida, kawo kaza a kashe magana. Waɗannan 'yan kamasho ne. Kuɗinka zai tafi ba rasit, fayil kuma yana nan bai motsa ba. Ba da cin hanci shi kansa laifi ne a doka, ga kuma abin da malamanmu suka karantar da mu a kai. Wanda ya ba da yau, gobe motarsa ce za a fara tsayarwa.

Lauyan da zai tsaya ma mutum a kotun Nijeriya sai wanda aka rantsar a Nijeriya. Lauyanka na Yamai, kome ƙwarewarsa, shawara kaɗai zai iya ba ka. A nemi wanda yake aiki a garin da aka yi kamun, wanda ya saba da shari'ar laifi, domin lauyan filaye da gidaje daban yake. A je ofishinsa a gani da ido. Lauyoyin Nijeriya suna manna tambarin ƙungiyarsu mai ɗauke da sunansu a kan takardun da suka rubuta, kuma ƙungiyar tana da rassa a manyan garuruwa inda za a iya tambaya in ana shakka.

Kafin a biya ko sisi, a yi ciniki a fili kamar yadda muke yi a kara. Kuɗin nan na fitar da shanu ne kaɗai, ko har da belin direba? Ya haɗa da dukan zaman kotu ko kowane zama da kuɗinsa? Wa zai biya kuɗin motarsa? A rubuta, a karɓi rasit. Lauyan da ya rantse maka cewa lalle zai ci shari'a, ko ya ce a ba shi na alƙali, ka kama gabanka.

A kuma tantance wa yake ma aiki. Buƙatar falke daban, ta mai mota daban, ta direba daban, wani lokaci ma suna karo da juna, musamman in ana gardamar ko ƙwayar da aka samu ta wane ce. In haka ta faru, lauya ɗaya ba ya riƙe mutum biyu. Direban da ba shi da hali yana iya neman hukumar ba da agajin lauya ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa tun 1976, tana da ofis a manyan biranen jihohi. Ko wane ne aka ɗauka, a faɗa mashi gaskiya duka: me aka sha, yaushe, nawa, me aka riga aka faɗa ma 'yan sanda. Sirrin yana hannunsa a doka, kuma ba a ɓoye ma mai wanka cibiya.

RANAR KOTU

Za a karanta ma direba tuhuma a tambaye shi ko ya amsa. Kada ya amsa don gaggawar komawa gida sai lauya ya gaya mashi abin da zai biyo baya, wato tara ce, ko ɗauri, ko rasa lasin. Akwai inda amsawa ta fi sauƙi, in hujja ta fito fili kuma ba a ji ma kowa ciwo ba, sai lauya ya roƙi sassauci ya ambaci cewa karon farko ne kuma mai iyali ne. Akwai kuma inda musu ya fi, misali in ba a yi wani gwaji ba sai dai ma'aikaci ya ce ya ga idonsa ya yi ja.

Beli shi ne wuyar baƙo, domin kotu takan nemi mai tsayawa wanda yake zaune a yankinta, mai adireshi sananne. Nan ne amfanin mai masauki da shugabannin zango yake fitowa. Amma mai tsayawa ya sani cewa in direba ya tsallaka iyaka bai dawo ba, shi za a bi kuɗin belin, kuma za a ba da takardar kamo direban duk ranar da ya sake shigowa. Wanda ya tsere ma beli ya toshe ƙofa ga duk ɗan'uwanmu da zai shiga matsala a garin bayansa. Don haka ƙungiya ta tsaya a kan cewa wanda aka tsaya mashi ya koma ranar da aka sa.

IN AN YI HAƊARI

In mota ta buge wani ko an rasa rai, abin farko a kai masu rauni asibiti, direba kuma ya miƙa kansa ga caji ofis mafi kusa don tsira daga fushin jama'a. Dokar 2007 ta yanke ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda tuƙinsa na ganganci ya kashe mutum. Zuwa ta'aziyya da neman sulhu da dangi abu ne mai kyau, kuma kotu takan duba shi, amma a yi shi da sanin lauya a rubuce, a kuma sani cewa yafewar dangi ita kaɗai ba ta rufe fayil ɗin gwamnati.

Game da inshora, wadda muke ce ma asiransi, a fahimci cewa ƙaramar inshorar dole, da katin ECOWAS mai ruwan ƙasa da aka fito da shi a 1982, ɓarnar da mota ta yi ma wasu suke biya. Ba su biyan shanun da ke cikin motar. Babbar inshora ma galibi tana da sharaɗin cewa ba ta biyan gyaran mota in direba a buge yake. Tunda Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, mai mota ya tambayi kamfanin inshorarsa matsayin takardunsa kafin ya ƙetare iyaka.

GANA DA NAN GIDA

Masu kai shanu Kumasi da Ashaiman su sani cewa tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin awa 48, kuma a 2019 kotun ƙolinsu ta yanke cewa Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafi. A dokar hanyarsu ta 2004, ƙin hura na'ura ba da dalili ba shi kansa laifi ne. Su ma suna da hukumar agajin lauya, ga kuma sarakunan zango da ba su ƙyale baƙo. Nan Nijar kuwa, in jandarma ko 'yan sanda suka yi kamu, dokar UEMOA ta 2014 ta ba lauya damar tsaya ma mutum tun daga lokacin da aka kama shi, kuma akwai hukumar ANAJJ da dokar 2011 ta kafa don taimakon marasa hali.

RIGAKAFI

Daga ƙarshe, mu ma muna da hannu a gyaran. Wanda aka yi ma lodi ranar Alhamis a Maigatari, mai shanu yana bugo mashi waya kowace awa yana cewa lalle ya kama kasuwa, ga alkawarin goro in ya isa da wuri, to an tura shi wurin mai ƙwaya ko ba a faɗa ba. Mu nemi mota mai direba biyu in tafiyar doguwa ce, mu yarda a tsaya a yi barci. Mu dubi idon direba da maganarsa kafin a ɗora sa na farko, in ba mu gamsu ba mu gaya ma shugaban tasha a sake mamu wani. Mu rubuta yarjejeniya da mai mota a gaban shaidu biyu cewa in an tsare mota saboda mayen direbansa, kuɗin juye da hasarar da ta biyo baya a wuyansa suke. Mu hana yaranmu karɓar saƙon da ba su san abin da ke ciki ba. Takardun shanu su zauna a hannun yaronmu, da hotonsu a wayarmu. Kowane reshe na ƙungiya kuma ya nemi lauya ɗaya a Katsina, da Sakkwato, da Kano, da Badun, da Legas, a san shi tun ana zaman lafiya, a raba lambarsa ga 'yan rakiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna roƙon wanda ya karanta wannan ya karanta ma wanda bai iya ba, musamman direbobi da yaran mota. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare mamu dukiya da mutunci, ya shiryi masu shaye-shaye, ya sa albarka a kasuwa, amin. Wassalam.